DORO DA RANƘWAFEWAR BAYA GA YARA MASU TASOWA

  

Ya ku ɗalibai, da ku iyayenmu maza da mata, da wuya a shiga ajin manya a Islamiyyun nan namu na Gyallesu ko Tudun Wada ko cikin birni, a rasa yaro ɗaya ko biyu waɗanda bayansu ya ranƙwafa, kafaɗunsu sun zubo gaba, wuya ya miƙo. Abin da aka saba shi ne a daka wa yaron tsawa a ce, "Kai, miƙe zaune!" Wani in an faɗa masa haka zai miƙe, shi ke nan magana ta ƙare. Wani kuwa ko bulala aka sa masa ba zai iya miƙewa ba, domin ƙashin ne da kansa ya sāke siffa. Akwai kuma wanda ranƙwafewar tasa alama ce ta cutar da ke cin ƙashin daga ciki, wadda in an yi sakaci za ta iya zaunar da shi ƙasa. A ido duk kamarsu ɗaya, shi ya sa ake rikita su. Kuma abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne, mafi yawan gyaran da ake iya yi ba tare da tiyata ba, a cikin shekarun girma ake yinsa. Da zarar ƙashi ya gama girma, wannan ƙofa ta rufe.

YADDA GINSHIƘIN BAYA YAKE

Abin da muke kira ƙashin baya ba ƙashi ɗaya ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne guda 33 da aka ɗora wani kan wani kamar jerin bulo: 7 a wuya, 12 a gadon baya inda haƙarƙari ke manne, 5 a tsatso, sannan 5 da suka haɗe suka zama ɗaya a ƙugu, da wasu ƙanana 4 a can ƙarshe. Tsakanin ƙashi da ƙashi akwai ɗan faifai na guringuntsi mai taushi, wanda ke aiki kamar matashi. Ta bayan wannan jeri kuma akwai rami da ya ratsa daga kai har ƙasa, a cikinsa laka take, wato babbar jijiyar da ke kai saƙon ƙwaƙwalwa zuwa hannuwa da ƙafafu da mafitsara. Ku riƙe maganar lakar nan, za mu dawo kanta.

In ka dubi mai lafiya ta baya, ginshiƙin nan a miƙe yake sak. In ka dube shi ta gefe kuwa za ka ga lanƙwasa: wuya ya ɗan shiga ciki, gadon baya ya ɗan fito, tsatso ya sake shiga ciki. Ashe ke nan kowa yana da ɗan doronsa na halitta, kuma amfani gare shi, domin shi ke raba nauyin jiki. Likitoci suna auna lanƙwasar gadon baya da digiri a kan hoton ƙashi, ta hanyar da wani likita Ba'amurke mai suna Cobb ya bayyana a 1948. Don ku gane, kusurwar ɗaki digiri 90 ce, rabinta 45. To, lanƙwasar mai lafiya tana tsakanin digiri 20 zuwa 45. In ta zarce 50, sai a ce ta wuce kima.

Malaman ɗibbu na da sun san wannan lalura. Da Larabci ana kiranta hadaba, mai ita kuma ahdab, kuma Ibnu Sina, wanda ya rasu a 1037 Miladiyya, ya ware mata babi a littafinsa Alƙanun. Abin da ba su da shi a wancan zamani shi ne hoton da zai nuna musu cikin ƙashi, da maganin da zai kashe ƙwayar cuta.

RANƘWAFEWAR SABO

Wannan ita ce mafi yawa, kuma ita ce mafi sauƙi. Ƙasusuwan lafiyarsu ƙalau, jiki ne kawai ya saba da zubewa. Yaro ya yi tsawo farat ɗaya, naman bayansa bai yi ƙarfin da zai riƙe sabon tsawon ba, ga zama a duƙe kan tabarma safe da yamma, ga kuma wayar hannu da yanzu ake kifa kai a kanta har tsakar dare. Ga 'yan mata akwai ƙarin dalili da iyaye mata suka fi mu sani: idan yarinya ta fara zama budurwa, kunya takan sa ta riƙa janyo kafaɗunta gaba tana ɓoye ƙirjinta, har abin ya zame mata jiki. Mai tsawo ma da ya fi sa'o'insa yakan riƙa duƙawa don kada ya fita daban.

Alamar wannan iri ita ce, in an ce wa yaron ya miƙe, bayan yana miƙewa sarai. In ya kwanta rigingine a kan tabarma, lanƙwasar ta ɓace. Yawanci babu ciwo, in ma akwai, gajiya ce kawai. Maganinta motsa jiki ne da gyara zama. A bar yaro ya yi wasan ƙwallo da guje-guje, a rage masa zaman waya, a ɗaga masa littafi zuwa kusa da fuskarsa maimakon ya kai fuskarsa ga littafi. Ɗan katakon nan da ake ɗora Alƙur'ani a kai yana taimakawa ƙwarai ga masu karatu a ƙasa. Mu ma malamai, zaman awa biyu cur ba tare da an ce yara su tashi su miƙe ba, ya yi yawa; minti biyu na miƙewa ba zai rage hadda ba.

Akwai motsa jiki mai sauƙi da ba ya bukatar ko kwabo. Yaro ya kwanta rub da ciki, hannuwa a gefe, ya ɗaga kai da ƙirji sama kaɗan, ya riƙe gwargwadon ƙirga biyar, ya sauke, ya maimaita sau goma. Sannan ya tsaya ya jingina da bango, dunduniya da ɗuwawu da kafaɗu da ƙeya duk suna taɓa bangon, domin jikinsa ya tuna yadda tsayuwa take.

CIWON DA KE CIKIN ƘASHI

Iri na biyu shi ne ainihin abin da ya sa aka rubuta wannan bayani, domin shi ne wanda ake zaluntar yara a kansa ba da sani ba. Sunansa ciwon Shoyaman. A takardar asibiti za ku ga an rubuta Scheuermann. Sunan wani likita ne ɗan ƙasar Denmak wanda ya bayyana shi a 1920, bayan ya lura da shi a hotunan ƙashin samari, da yawansu masu aikin gona.

Ga yadda abin ke faruwa. Kowane ƙashi daga ƙasusuwan nan yana da siririn guringuntsi a samansa da ƙasansa, daga nan yake ƙara tsawo yayin da yaro ke girma. A wannan ciwo, gefen gaba na ƙashin, wato wanda ke fuskantar ƙirji, girmansa yana ja baya, gefen baya kuwa yana ci gaba da girma yadda ya saba. Sai ƙashin da ya kamata ya zama kamar bulo mai kusurwa huɗu ya koma sirirtacce ta gaba, mai kauri ta baya. Duk magini ya san abin da zai faru in aka jera bulo uku ko huɗu waɗanda aka sassaƙe wa gefe ɗaya: ginin zai karkata ta wannan gefen, kuma ba lallashin da zai miƙar da shi. A 1964 wani likitan Denmak ɗin, Sorensen, ya kafa ƙa'idar da ake bi har yau wajen tabbatar da ciwon: a ga ƙasusuwa uku a jere, kowanne ya sirance ta gaba da digiri 5 ko fiye.

Yakan fara ne dab da balaga, ya bayyana sosai tsakanin shekara 12 zuwa 17, daidai lokacin da yaro ke zabura da tsawo. Ƙididdigar da aka yi a ƙasashe daban-daban ta nuna yana samun daga ƙasa da mutum 1 har zuwa mutum 8 cikin 100, gwargwadon ma'aunin da masu binciken suka bi. Gado yana da hannu babba a ciki. Wani bincike da aka yi kan dubban tagwaye a Denmak, aka buga a 2006, ya nuna kusan kashi 74 cikin 100 na sababin ciwon daga gado yake, kuma ya ɗan fi yawa ga maza. Saboda haka in uba ko kawu ko gwaggo suna da doro tun ƙuruciya, sai a sa ido kan yara. Wannan kuma ya isa ya sauke wa iyaye mata wani nauyi, domin sau da yawa akan ce ai wajen goyo ne aka lanƙwasa yaron, ko don ya taɓa faɗowa daga gado yana jariri. Goyo ba ya kawo wannan. Jakar makaranta mai nauyi da tulun ruwa da farantin talla suna sa ciwon baya da gajiya, ya kamata a rage wa yara su, amma ba a tabbatar cewa su ne ke sirantar da ƙashi ba.

Mai wannan ciwo in an ce ya miƙe zai yi ƙoƙari, ya turo ciki gaba, ya ɗaga haɓa, amma doron yana nan. In ya kwanta ma yana nan. Tsatsonsa yakan shige ciki fiye da kima domin jiki na neman daidaita kansa, jijiyoyin bayan cinyarsa kuma sukan yi tauri har ya kasa taɓa yatsun ƙafarsa. Wasu suna jin ciwo daidai ƙololuwar doron, musamman bayan dogon zama ko aiki, ciwon kuma yakan lafa in sun kwanta. Kamar ɗaya cikin uku kuma suna da 'yar karkata zuwa gefe tare da shi.

To, me zai faru in an girma da shi? A nan akwai abin kwantar da hankali. A Jami'ar Ayowa ta Amurka an bi sawun mutum 67 masu wannan ciwo na kimanin shekara 32, aka buga sakamakon a 1993. An tarar sun fi sauran mutane kukan ciwon baya, kuma sun fi karkata ga sana'o'in da ba na ƙarfi ba, amma suna aikinsu suna rayuwarsu. Numfashi bai tauye ba sai ga waɗanda lanƙwasarsu ta haura digiri 100, su kuwa 'yan kaɗan ne. Ciwon ba ya yaɗuwa daga wani zuwa wani, ba ya taɓa ƙwaƙwalwa, ba ya hana aure ko haihuwa. Mafi yawa kuma yakan tsaya da ƙaruwa in girma ya tsaya.

WANDA YA FI HATSARI A ƘASARMU

Littattafan Turawa sukan taƙaita a kan iri biyun da suka gabata, domin su ne suka fi gani. Mu a nan dole mu ƙara na uku, mu ma sa shi a gaba: tarin fuka na ƙashin baya. Nijeriya tana cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya, ita ce ma kan gaba a Afirka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kimanin mutum rabin miliyan ne suka kamu a ƙasar nan a 2023. Mutane sun san tarin fuka da huhu, amma ƙwayar takan bi jini ta sauka a ƙashi, kuma kusan rabin tarin fukan ƙashi a ginshiƙin baya yake sauka. Wani likitan tiyata na Landan, Percivall Pott, shi ya yi bayaninsa a 1779, shi ya sa likitoci ke kiransa ciwon Pott.

Ƙwayar takan zauna a gefen gaba na ƙashi ta riƙa cinsa a hankali, ta tsallaka ta ci maƙwabcinsa, har ƙasusuwan su ruguje su faɗa kan juna. Sai a ga wani ƙullutu mai tsini ya fito a tsakiyar baya, kamar gwiwar hannu. Wannan ne abin da Bahaushe ya fi kira ƙusumbi. Bambancinsa da doron Shoyaman a bayyane yake ga mai lura: wancan lanƙwasa ce mai faɗi, wannan kuwa kusurwa ce mai kaifi a wuri ɗaya. Mugunyar da ke taruwa a wurin, tare da ɓaraguzan ƙashi, suna iya danne lakar nan da muka ambata. Daga nan ƙafafu su fara nauyi, yaro ya riƙa tuntuɓe, sannu a hankali ya kasa tafiya, fitsari da bayan gida su riƙa zubo masa ba ya sani. Allah Ya kiyaye.

Kafin a kai nan akwai alamun da ke yin makonni ko watanni suna kira. Ciwon baya da ba ya lafawa ko an kwanta, har ya tashi yaro daga barci. Zazzaɓin yamma, gumin dare, rama, ƙin abinci. Yaro ya riƙa tafiya a sandare kamar mai ɗauke da kwano cike da ruwa, in abu ya faɗi ƙasa ya gwammace ya tsuguna da ya duƙa, in ya zauna ya dafa cinyoyinsa da hannu. Wani lokaci kumburi mara zafi ya fito a baya ko a matsematsi. In kuma a gidan akwai wanda ya daɗe yana tari, to zargi ya ƙara ƙarfi. Ba dole ba ne shi yaron ya yi tari. Da yawa ba sa yi, shi ya sa ba a kawo tarin fuka a rai.

Duk wanda ya ga waɗannan alamu kada ya jira ƙarshen wata. Mu mutanen Zariya ba mu da uzuri, domin cibiyar ƙasa ta horarwa kan tarin fuka da kuturta a nan Saye take, kuma maganin tarin fuka kyauta ake bayarwa a cibiyoyin gwamnati. Magunguna huɗu ake haɗawa a wata biyun farko, sannan a ci gaba da biyu, kuma na ƙashin baya ya fi na huhu daɗewa: wata tara zuwa shekara guda. Ɗaya daga cikinsu yana mai da fitsari ja kamar ruwan goro, kada a tsorata a daina. Babban kuskuren da ake yi shi ne, yaro ya sha wata biyu, zazzaɓi ya tafi, ƙiba ta dawo, sai a ce ai ya warke a ajiye magani. Ƙwayar da ta rage ita ce mai taurin kai, in ta dawo maganin farko ba lalle ya kashe ta ba. In an fara magani da wuri, mafi yawa suna warkewa ba tare da tiyata ba, har waɗanda ƙafafunsu suka fara rauni da yawansu suna tashi. Amma ƙashin da ya riga ya ruguje magani ba ya sake gina shi, kuma ga yaro mai girma ƙusumbin yana iya ƙaruwa ko bayan cutar ta mutu, don haka a ci gaba da kai shi ana dubawa har ya gama girma.

Akwai sauran dalilai da ba su kai waɗannan yawa ba: yaron da aka haifa da ƙashi ɗaya bai cika ba, da laushin ƙashi saboda ƙarancin sinadarin kalsiyam a abinci, wanda binciken da aka yi a Jos aka buga a 1999 ya nuna shi ne ke gwame ƙafafun yaranmu da yawa. Nono da madara da miyar kuka da riɗi da ƙananan kifin da ake ci da ƙayarsu duk suna da wannan sinadari.

DUBAWA A GIDA DA A ASIBITI

Riga mai yalwa da hijabi suna suturta jiki, amma suna iya ɓoye lalura shekara biyu ba a gani ba. Don haka uwa ta riƙa duba bayan 'yarta a ɗaki, uba ko wa ya duba na namiji, ko da sau biyu ne a shekara daga shekara 10 zuwa 16. Yaro ya tsaya ba riga a bayansa, a dube shi ta gefe. A ce ya miƙe iyakar ƙoƙarinsa, a ga ko doron ya tafi. Sannan ya duƙa kamar mai ruku'u, hannuwa a sake, a sake dubawa ta gefe. Bayan mai lafiya zai yi lanƙwasa mai santsi daga wuya zuwa ƙugu. In an ga wuri ɗaya ya karye ya yi tudu, sai asibiti. A duba ta baya kuma, ko ɓangare ɗaya na haƙarƙari ya fi ɗaya tudu.

Ana iya farawa daga Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, su kuma su tura zuwa sashen ƙashi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. A Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala, wanda tun 1959 wannan ne aikinsa. Likita zai sa a ɗauki hoton baya a tsaye ta gefe, ya auna digirin, ya dubi siffar ƙasusuwan. Zai kuma dubi ƙashin ƙugu a hoton, domin daga nan ake gane ko saura girma nawa ya rage wa yaro. Ga 'yan mata zai tambayi lokacin da suka fara al'ada, saboda dalili ɗaya ne, kada a ɗauka rashin ta ido ne. In yana zargin tarin fuka ko danne laka, sai gwajin jini da na majina da hoton MRI. A adana hotunan nan da kyau a cikin ambulan, domin sai an gwada na bana da na bara ake sanin ko doron na ƙaruwa.

MAGANIN CIWON SHOYAMAN

In lanƙwasar ba ta kai kimanin digiri 55 zuwa 60 ba, kuma ba ta ƙaruwa, yawanci sa ido ne da motsa jiki. Za a tura yaro sashen gashin ƙashi a koya masa yadda zai ƙarfafa naman baya da na ciki, ya sassauta na ƙirji da bayan cinya, a riƙa sake hoto duk bayan wata shida ko shekara. A gaskiya motsa jiki ba ya mai da sirirtaccen ƙashi ya koma daidai. Abin da yake yi shi ne rage ciwo da kyautata tsayuwa, kuma wannan ma ba ƙaramin abu ba ne.

In ta wuce haka, har zuwa wajen digiri 75, kuma yaro yana kan girma, sai a yi maganar rigar gyaran baya. Riga ce ta roba mai tauri, wata da sandunan ƙarfe, da ake aunawa a ƙera daidai jikin yaro. Tana danna ƙololuwar doron ta baya, ta tura kafaɗu baya ta gaba, domin nauyi ya sauka daga gefen gaban ƙasusuwan su sami sararin girma. Kamar dai dashen itace ne da ake ɗaure wa sanda tun yana ɗanye. Mafi shahararta ita ce rigar Milwoki, wadda likitoci biyu, Blount da Schmidt, suka ƙirƙiro a birnin Milwoki na Amurka a tsakiyar shekarun 1940. Tana kaiwa har wuya. Akwai kuma gajeru da ke tsayawa a ƙarƙashin hammata, waɗanda riga ke rufewa, ana amfani da su in doron ya yi ƙasa-ƙasa.

Wahalar rigar nan ita ce sawa. Ana bukatar awa 16 zuwa 23 a kowace rana, na shekara ɗaya da rabi ko biyu, ko har girma ya tsaya. Ku yi tunanin wannan a zafin Maris da Afrilu na Zariya. Dole a sa singileti na auduga a ciki, a riƙa sauyawa, a duba fata kullum kada ta yi gyambo, a koma a gyara rigar in yaro ya ƙara tsawo. Rigar da ke rataye a ƙusa ba ta gyara kowa, kuma yaro ba zai jure ba sai gida da makaranta sun tsaya masa. Game da salla, awoyin da likita ya yarda a cire suna isar wanka da salloli in an tsara su. In kuma an ce kada a cire, hukuncin mara lafiya sananne ne, ya yi ruku'u da sujada gwargwadon ikonsa. A sani kuma, bayan an daina sawa wani ɓangare na gyaran yakan koma. Ga wanda ya gama girma kuwa rigar ba ta miƙar da komai, kada wani ɗan kasuwa ya sayar muku da bel ɗin roba a kan wai zai cire doron babba.

Tiyata ta 'yan kaɗan ce: waɗanda lanƙwasarsu ta haura digiri 70 zuwa 75 tana kuma ƙaruwa, ko ciwo ya ƙi jin magani, ko laka ta fara dannuwa. Ana ɗaura kusoshi a ƙasusuwan, a haɗa su da sandunan ƙarfe biyu, a miƙar da bayan gwargwadon abin da laka za ta jure, sau da yawa kamar rabin lanƙwasar, sannan a sa ƙasusuwan su haɗe su zama ɗaya. Aiki ne babba mai tsada, yana da hatsarin zubar jini da shigar ƙwayar cuta, da kuma, ko da yake ba kasafai ba, taɓuwar laka. Wurin da aka haɗe ba zai ƙara lanƙwasuwa ba har abada. Iyaye suna da haƙƙin su tambayi likita sau nawa ya yi irin wannan aiki, su kuma nemi ra'ayin likita na biyu kafin su sa hannu.

Sai maganar masu ɗori da wanzamai. Ba raina sana'ar kowa muke yi ba, amma doro ba karaya ba ce, ba targaɗe ba ne, babu abin da ya goce da za a mayar. Danna baya da gwiwa, ko taka shi, ko ja da ƙarfi, in an yi wa mai tarin fukan ƙashi, yana iya ƙarasa abin da cutar ta fara, yaro ya shiga da ƙafafunsa a fito da shi a ɗauke. Sakiya da tsaga a kan kumburin kuwa ƙofa ce ake buɗe wa wasu ƙwayoyin. A yi addu'a, a yi tofi, a kuma ɗauki hoto. Babu wanda ya hana wani.

GA 'YAN AJI

Likitocin da ke duba waɗannan yara suna yawan cewa abin da ya fi damun matashi mai doro shi ne idon mutane, fiye da ciwon bayan. Yaron da ake kira "mai doro" ko "raƙumi" a hanyar makaranta yakan fara zama a bayan aji, daga nan ya fara fashi, ya ƙi sa rigar da aka sayo da kuɗi masu yawa don kada a ƙara masa wani suna. Kun karanta aya ta 11 ta Suratul Hujurati, kun san hukuncin izgili da jifa da laƙabi, ba sai an maimaita ba. Ga masu son tarihi: Alƙali Alfadil, wazirin Salahuddin Al'ayyubi kuma shugaban marubutansa, wanda ya rasu a Alƙahira a 1200 Miladiyya, mai doro ne, kuma da alƙalaminsa aka tafiyar da daular Masar da Sham. A cikin maruwaitan hadisi kuma akwai Wasilul Ahdab, mutumin Kufa, wanda Bukhari da Muslim duk suka karɓi ruwayarsa.

Malamin aji da ya lura da yaro irin wannan, ya kira shi gefe, ba a gaban 'yan'uwansa ba, ya tambaye shi ko bayan na ciwo da dare, ko yana zazzaɓi, ko akwai mai tari a gida. Sannan ya rubuta wa mahaifinsa takarda, ko ya taka ya same shi bayan sallar La'asar. Ita kuma yarinya, a bar wa malama ta yi magana da mahaifiyarta. In an tashi zuwa asibiti a tafi da katin rigakafin yaron, da duk wani hoton da aka taɓa ɗauka, da kwalayen magungunan da ya riga ya sha.